Gayyar Karatun Alhaji Sai-Na-Iso

Idan ana lissafin manyan mutane tsakanin Tambuwal da Kebbe, a fara da Alhaji Siddiƙ, a rufe da Alhaji Siddiƙ, sauran su yi haƙuri su jira wani zamanin. Allah ya yi masa baiwa iri-iri. Ga tsayi, ga tumbi mai riga shi shiga ɗaki, ga murya wadda ko gaisuwa ya yi da ita sai ka ɗauka doka ya kafa. Shi ne shugaban shiyya na wata hukuma mai wayar da kan manoma, kuma in ka ji yadda yake faɗin muƙamin sai ka rantse damina ma sai ta nemi izininsa take sauka.

Amma babbar baiwarsa ita ce makara. Kowa na makara, sai dai ta Alhaji ta ƙwararru ce. A iliminsa, babban mutum ba ya isa wurin taro sai benci ya gasa jama'a, ruwan sanyi ya koma na wanka, mai gabatarwa ya ƙarar da duk labaran da ya sani. A lokacin ne za a hango motarsa tana tafe a hankali kamar ta ɗauko ƙwai. Shi ya sa ma'aikatansa suka sa masa Sai-Na-Iso. Sunan ya kai kunnensa, ya kuwa ji daɗinsa ƙwarai, don ya ɗauka kirari ne.

Ana nan sai umarni ya sauko daga hedikwata a Sakkwato. Duk shugaban shiyya zai yi kwas na wata uku ta intanet a kan shugabanci nagari. Kowane mako akwai bidiyon darasi da tambayoyi, akwai aikin rubutu, akwai kuma zama da malama kai tsaye ta waya. Wanda ya gama ya ci gaba da zama a kujerarsa. Wanda bai gama ba ya miƙa makullin ofis da na mota.

Alhaji ya tara ma'aikata, ya gyara zaman hula.

"Kun ji wai za a koya mani shugabanci. Ni! To ku sani, wanga kwas ba don ni anka shirya shi ba. Sunana suka so cikin rajista, don kwas ɗin shi samu daraja. Abin da za su kwashe wata ukku suna faɗi, ni na daɗe da mance shi."

Jimlar ƙarshen nan gaskiya ce tsagwaronta, kuma ita kaɗai ce gaskiyar da aka ji daga bakinsa a wannan shekarar. Direbansa Bube, dattijon da aikinsa biyu ne, tuƙi da gasgatawa, ya ce, "Haka na, ranka shi daɗe."

Ranar zaman farko, an sa darasin da hantsi. Alhaji ya ɗauko babbar riga mai aiki har ciki, ya fesa turare domin waya, ya zauna yana kaɗa ƙafa yana jiran lokacin manya ya yi. Sai da azahar ta ƙarato sannan ya danna. Fuskoki suka bayyana cikin ƙananan akwatuna, kowa da littafi a gabansa. Ba wanda ya miƙe. Ba wanda ya sanar da isowarsa. Wata mace mai tabarau, Malama Nuriyya, ita ce mai koyarwa daga can Abuja, tana ta bayaninta kamar ba a yi wani babban baƙo ba.

Alhaji ya yi gyaran murya irin wanda ke sa masinja ya zubar da shayi. "Shugaban taro, manyan baƙi, 'yan uwana shugabanni, kafin in ce komi..."

"Barka da zuwa, Siddiƙ," in ji Malama Nuriyya. "Mun kusa tashi. Bari in rufe makirfonka, ana jin hayaniya."

Ta rufe. Alhaji bai san abin da hakan ke nufi ba, don haka ya ci gaba. Ya kawo tarihin karatunsa, ya bi ta kan zuwansa Makka, ya gangaro kan gudummawarsa ga noman albasa a ƙasa baki ɗaya. Akwatunan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya har fuskarsa kaɗai ta rage, shi kuwa da ma fuskar da ya fi son yi wa jawabi ke nan. Da ya kammala, Bube ya tafa.

Sai daga baya wata ma'aikaciyarsa, Hinde, ta daure ta gaya masa ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Alhaji ya yi fari fat. Rufe bakin ma bai yi masa ciwo kamar sunan ba.

"Siddiƙ, gatsal! Ba Alhaji, ba Shugaba, ba ranka shi daɗe! Ɗiyar da ba ta kai ɗiyata ta fari ba! Wallahi ƙafata ba ta sake taka wanga kwas sai sun aiko da ban haƙuri."

Yadda ƙafa ke taka kwas ɗin da ke cikin waya, wannan sai Alhaji. Ya dai yi yaji, ya zauna jiran biko.

Biko kuwa ya zo, a ganinsa. Duk mako saƙo na shigowa wayarsa: an yi kewarka a darasi, muna fatan ganinka. Na'ura ce ke tura wa duk wanda bai leƙa ba, amma wa zai gaya masa? Sai ya ɗaga wayar ya nuna wa duk wanda ya shigo ofis. "Kun gani? Sun fara lallashi. A bar su su ɗan jiƙu." Suna jiƙa, gero ya fito, ya yi kara, ya fid da kai. Alhaji na nan yana jan aji.

Rannan ya je ɗaurin aure a Dogon Daji, a makare kamar kullum, ya tarar ana raba goro. Nan wani abokin aikinsa daga wata shiyyar ya ja shi gefe.

"Alhaji, ka gama naka? Mako mai zuwa aka rufewa fa. Na ji har an fara tambayar wa za shi dace da kujerar Tambuwal."

Alhaji ya yi dariyar manya, ya ce ai shi tuni. Yana shiga mota ya buɗe wayar. Ga wani dogon layi da ke nuna ci gaban ɗalibi, nasa fayau, ko ɗigon kore babu. Ƙarƙashinsa an rubuta da ja cewa saura mako guda. Iyakwandishan na aiki, amma gumi ya jiƙa wuyan rigar sharkaf. Ya tuna kujerar nan mai juyawa, ya tuna yadda ake cewa "ga Shugaba nan" in ya shigo masallaci, ya ga kansa a bayan babur ɗan acaba yana riƙe hula kada iska ta ɗauke. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya zama mutum.

A yi masa adalci, ya gwada da kansa. Ya kulle ofis, ya kunna bidiyon farko. Malama Nuriyya na cewa shugaba nagari mai sauraro ne, barci ya yi awon gaba da shi. Ya farka ya tarar bidiyon ya tsaya yana tambayarsa abin da aka ce. Ya ga wannan raini ne, ya kashe.

Sai ya koma hanyar da ya fi sani, kamun ƙafa. Ya ɗora wa Bube rago da buhun albasa, ya ce ya tafi Sakkwato ya nemo wanda ya san wanda ya san mai kwas ɗin. Bube ya yi yawo ofis-ofis ya dawo da yamma, ragon ya galabaita.

"Ranka shi daɗe, kowa na tambaya sai shi ce abin na cikin kwamfuta. Na ce a nuna mani ɗakin kwamfutar in gaishe ta, sunka yi ta dariya."

Washegari suna kan hanyar Sanyinna, Alhaji ya zabga tagumi a bayan mota, sai ya ji ganga. Wata gona ce da ciyawa ta ci ƙarfin mai ita, ya kira gayya. Samari sun jeru da hauya, makaɗi na binsu a baya, ƙura na tashi, gonar na buɗewa kamar ana yaye mata bargo. Alhaji ya ce a tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan fuskarsa ta washe.

"Bube, ka ga bambancin mai ilimi da mai basira? Wanda aiki ya ci ƙarfinai, mi kakanninmu sunka ce shi yi? Shi kira gayya! Su suna da kwamfuta, mu muna da al'ada. Za mu ga wanda za shi gaji."

Haka aka yi. Sanarwa ta fita cewa duk ma'aikacin shiyya, daga Tambuwal har ƙauyukan Kebbe, ya hallara ranar Asabar da wayarsa cike da caji, akwai muhimmin aikin ƙasa. Aka zaɓi wani lambun mangwaro kusa da ƙarfen sabis, inda intanet ke da ƙarfi. Aka shimfiɗa tabarmi. Aka dama fura a manyan robobi, aka tuƙa tuwon shinkafa, ragon da kwamfuta ta ƙi karɓa ya shiga tukunya. Kuma da yake Alhaji ba ya yin abu rabi da rabi, ya ɗauko Ɗangiwa, makaɗin noman da ya fi kowa suna a yankin.

Mai gayya ya iso bayan kowa, ba sai an faɗa ba. Ya hau kan benci ya karanto sunansa na shiga da lambar sirrinsa da babbar murya, har masu tallan gyaɗa a bakin hanya suka haddace. Ya raba darussa kamar kunyoyi: mutanen Sanyinna ku kama makon farko da na biyu, na Dogon Daji ku bi na tsakiya, na Fakku ku share na ƙarshe. Kowa ya shiga da sunan Siddiƙ.

Kai, ranar an ga abin kallo! Maza da mata sun duƙa a kan wayoyi, muryar Malama Nuriyya na fitowa ta ko'ina a lokaci guda, tana koyar da haƙuri a gindin wannan bishiya, tana koyar da riƙon amana a gindin waccan. Ɗangiwa, wanda ya saba yi wa damatsa kiɗa, yau ga shi yana yi wa manyan yatsu. Bai damu ba, goro goro ne. Duk wanda ya ci tambayoyinsa sai ya ɗaga waya, a buga masa ganga, mata su yi guɗa. A dandalin tattaunawa na kwas ɗin, Siddiƙ ya kawo ra'ayi, Siddiƙ ya ce bai yarda ba, wani Siddiƙ ya shigo ya raba su. A wani darasin ma Siddiƙ ya bayyana irin wahalar da yake sha wajen haɗa aiki da shayar da jariri.

Shi kuwa mai sunan na kishingiɗe a kan kilishi yana shan fura da ludayi, lokaci-lokaci ya leƙa layin nan ya ga kore na cinye shi. "Ku duba yadda nika karatu," yake gaya wa Bube. "Ko a jami'a haka nike, ba a ganin lokacin da nika yi."

Da la'asar saura abu ɗaya, babban aikin rubutu na ƙarshe, wanda ya fi kowane maki. Ya faɗo hannun Hinde da mutanen Fakku. Ta karanta tambayar, ta sake karantawa, ta taso ta durƙusa a gefen kilishi.

"Ranka shi daɗe, wagga tambaya kam gara ka gan ta da kanka. Cewa anka yi mutum shi bayyana wani shugaba da yaka aiki ƙarƙashinai, wanda halinai ka hana aiki ci gaba, kuma..."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Hinde, mai gona na karɓar hauya ranar gayya? Ku rubuta. Ku faɗi gaskiya, kada ku rage komi, ku sa hujjoji. Ni ban son aikin kame-kame da sunana."

Hinde ta koma. Ba makirci suka ƙulla ba, ko kaɗan. Mutane ne da aka tambaye su abin da ke cinsu shekara da shekaru, aka kuma ba su umarnin su faɗi gaskiya, ga ciki cike da naman rago. Tana rubutawa, wannan ya ce sa kaza, wancan ya ce kin manta kaza. Har na Sanyinna suka baro tabarmarsu suka zo ba da gudummawa. Ba aikin da aka yi da zuciya ɗaya a ranar kamar wannan. Aka tura, layi ya cika da kore, Ɗangiwa ya kusa fasa ganga.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo. Ba cin kwas kaɗai Alhaji ya yi ba, rubutunsa ne ya zo na ɗaya, kuma ana roƙonsa ya karanta shi da bakinsa a zaman rufewa. Wayyo, ina wuta Tambuwal ta sa kanta! Alhaji ya kama zauren taro, ya ɗauko majigi da lasifika domin a ga Malama Nuriyya a bango tana yabonsa. Ya gayyaci masu unguwanni da shugabannin manoma. Ya kuma gayyaci maigidansa na hedikwata, Darakta Abdulkarimu, a matsayin babban baƙo. Hinde ta buga masa rubutun a takarda ta ce ya duba kafin ranar. Ya ce marubuci ba ya bitar abin da ya fito daga ƙwaƙwalwarsa.

Ranar, a karon farko a tarihi, wani ya fi shi makara. Darakta, mutum mai jiki shi ma, ya shigo ana dab da kiran Alhaji, ya zauna a kujerar gaba yana share gumi.

"Yanzu za mu saurari Siddiƙ," in ji Malama Nuriyya daga bango. Alhaji ya haɗiye wannan, ya miƙe, ya baza hannun riga, ya ɗaga takarda.

"Shugaban da nake aiki a ƙarƙashinsa," ya fara, da muryar huɗuba, "bai taɓa zuwa taro a kan lokaci ba. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, hankalinsa kuwa sai an tashi yake isowa."

Zaure ya yi tsit. Alhaji ya ɗauka daɗin salon ne ya kama su, ya ƙara murya.

"Bara ya kulle irin shuka a sito ya ce ba za a raba ba sai ranar da mai hoto ya samu zuwa. Manoman Fakku suka wuni a rana sau uku. Ranar da aka raba, maƙwabtansu har sun yi noman farko. Ba ya karanta abin da yake sa wa hannu. In aiki ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci namu ne."

Wani mai unguwa ya cusa rawani a baki. Kafaɗun mutanen Fakku na rawa. Bube, da ya ji an ɗan tsaya, ya ce, "Haka na, ranka shi daɗe." Alhaji ya ji wani abu na yi masa kama da sananne, kamar mutumin da ya hango rigarsa a jikin wani, amma gudu ya riga ya ɗebe shi. Ya ƙarasa da ƙarfi, yana dukan tebur.

"Shawarata ga hukuma ita ce a sauke wannan mutum tun bai ƙarasa kashe shiyyar ba!"

Ɗalibai a bango suka tafa. A zaure ba wanda ya motsa. Darakta Abdulkarimu ya ajiye hankicinsa, ya miƙe a hankali.

"Siddiƙ, ka ce shugaban da kake aiki a ƙarƙashinsa. A sanina, mutum ɗaya ne a samanka. Ka taso ni tun daga Sakkwato, ka tara mini gari, don ka karanta mini wannan?"

A nan ne abin ya faɗo wa Alhaji gaba ɗaya. In ya ce shi ya rubuta a kan maigidansa, kujera ta tafi yau. In ya ce ba shi ya rubuta ba, ga Malama a bango tana ji, satifiket ya tafi, kujera ta bi shi. Ya dubi Hinde, ta sunkuyar da kai. Ya dubi Bube, Bube na duban silin. Sai Alhaji ya juya ga Darakta.

"Ranka shi daɗe... wane ni? Wallahi ba kai ba na."

"To wane ne?"

Duk zauren ya juyo ga Alhaji, ba wanda ya nuna da yatsa, ba a ma buƙata.

"Ni na," in ji Alhaji, da wata 'yar murya da ba a san yana da ita ba. "Kaina nika nufi. Salon rubutu na, ranka shi daɗe. Na zamani."

"Tumbin naka ne?"

"Nawa na."

"Irin shukan Fakku fa?"

"Ni na kulle shi."

"Kuma kai ka rubuta, da hannunka, har da shawarar ƙarshe?"

Alhaji ya dubi bango, inda Malama Nuriyya ta matso da fuskarta tana jira. "Da hannuna," ya ce.

"Masha Allah!" in ji Malama. "Tun da nake koyarwa ban taɓa ganin ɗalibin da ya duba kansa da irin wannan gaskiyar ba. Za mu ƙara masa lambar yabo."

Darakta ya gyaɗa kai, fuskarsa ta saki. "Ni ma ban taɓa samun shawara daga shiyyar Tambuwal da ta kai wannan inganci ba. Na karɓe ta. Bube, kawo makullin motar."

"Haka na, ranka shi daɗe," in ji Bube, ya miƙa da hannu biyu.

Satifiket ɗin ya iso bayan sallar layya, mai ruwan zinare a gefe, da sunansa da manyan baƙaƙe, da shaidar cewa shi ne ɗalibin da ya fi kowa sanin kansa. Alhaji ya kai an sa masa gilashi mai kyau. Bangon ofishin da zai rataya shi ne ya riga ya zama na wani.